Littafin aikin tace bidiyo: hira da mai gyaran agogo

8 ga Satumba

Malama ta raba aikin ƙarshen zango. Kowa zai haɗa bidiyon hira wanda bai wuce minti 6 ba, shi zai ɗauka, shi zai tace hoto da sauti, kuma ya riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya. Na zaɓi wani dattijo mai gyaran agogo, saboda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, akwai abin nunawa idan magana ta yi tsawo.

Kayan da ke hannu: wayata don hoto, wayar aro da makirfo ɗan maƙalawa a riga don sauti, hedifon na aro, sai kwamfutar cinya wadda ta ga jiya. Manhajoji biyu zan yi aiki da su, duka kyauta. Audacity ta sauti ce, Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a 2000. DaVinci Resolve kuwa ta tace bidiyo ce, ta kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya, akwai ta saye akwai ta kyauta, kuma ta kyautar ta ishi ɗalibi har ta yi masa yawa. Ɗan kuɗin da na tanada, makirfo ya ci kashi ɗaya cikin uku.

11 ga Satumba

Horar da yatsu kawai a kan maɓallan kwamfuta. J baya, K tsaya, L gaba, I farkon abin da ake so, O ƙarshensa. Malama ta ce wanda bai saki linzamin kwamfuta ba har yanzu bai fara aiki ba.

15 ga Satumba

Darasin ƙarfin sauti. Ma'aunin na'ura sifili ne rufinsa, komai yana ƙasa da shi, shi ya sa lambobin ke ɗauke da alamar ragi. Murya in ta bugi rufin nan sai kan igiyar sautin ya yanke, ta fito a fashe, kuma abin da ya yanke bai shiga fayil ba balle a dawo da shi. Don haka ana barin ƙololuwar murya wajen -12 zuwa -6 a desibel, ma'aunin ƙarfin sauti, saboda dariya ko tari da ba sa sallama.

Abu na biyu da ya zauna mini: duk lokacin da aka ninka nisan makirfo daga baki, ƙarfin murya na raguwa da kusan desibel 6, alhali hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Ke nan matso da makirfo ya fi duk wata dabarar gogewa da za a yi daga baya. Na saita wayar sauti a 48 kHz, wato ta ɗebi samfurin sauti sau 48,000 a daƙiƙa, wanda shi ne na bidiyo. 44.1 na faifan CD ne, kuma gauraya su biyun ba tare da juyawa ba yana sa murya ta canja sauri.

20 ga Satumba

Ranar ɗauka. Wurin aikin Baba ɗan ƙarami ne, kuma komai a cikinsa motsi yake. Agogon tebur, na hannu, sai wani babba a bango wanda bugunsa ya danne na kowa. Da na sa hedifon shi na fara ji kafin muryar mai shi.

Na ce, "Baba, ko za a ɗan tsayar mana da na bangon nan har mu gama?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "'Yar nan, jiya na saita shi, gwaji yake. In na tsayar, da me zan gane ya gyaru?"

Magana ta ƙare. Na matsar da makirfo sama kaɗan, kusa da wuyan rigarsa, muka ci gaba.

Fitilar rufi ma ta kawo nata. A allon waya wasu layuka masu duhu na ta gangarowa. Irin wannan fitila tana ƙyaftawa ninki biyu na bugun lantarki, sau 100 a daƙiƙa inda lantarki ke kan 50 Hz, wato bugu 50 a daƙiƙa, sau 120 inda yake kan 60. Ido ba ya gani, kyamara na gani. Na kai saurin buɗe idon kyamara 1/50, layukan suka ɓace, kuma dama shi ne ya dace da firem 25, wato hotuna 25, a daƙiƙa.

Na tafa hannu a gaban kyamara a farko, na sake tafawa a ƙarshe, don haɗa sauti da hoto. Hira ta kai minti 40. Daga nan na roƙe shi mu yi shiru na minti ɗaya in ɗauki sautin ɗakin kawai. Ya yi mini kallon wadda ta zo da sabon abu, amma ya yi. Sai hotunan hannu: buɗe murfin baya, ɗan hantsaki riƙe da wata siririyar waya mai naɗi wadda numfashi ma ke kaɗa ta, gilashin ƙara girma a idonsa na dama.

21 ga Satumba

Kwafe fayiloli. Sautin minti 40 bai kai megabait 350 ba, hoto ne ya cinye wuri. Na sayi faifan ajiya na waje, ya kwashe kusan duk abin da ya rage na kuɗi. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya a wani wuri daban. Na uku yana hawa intanet a hankali, sautin kawai da zaɓaɓɓun hotuna, don data ba ta da uwa.

24 ga Satumba

Yau aiki ya tsaya cak. Na jera tafin farko, tsinin sautin ya hau daidai kan firem ɗin da tafuka suka haɗu, na ji daɗi. Minti 5 na farko lafiya lau. Wajen minti 15 baki ya fara riga murya. A ƙarshen hira Baba ya rufe baki ya koma kan aikinsa, muryarsa na nan tana ƙarasa zance.

Na duba fayil ɗin da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil, sai ga shi adadin firem ɗin ba tsayayye ba ne. Waya ta ce 25, amma in haske ya ragu ko ta ɗauki zafi sai ta rage, daga baya ta ƙara. A kallo cikin waya ba a ganewa, domin kowane firem na ɗauke da lokacinsa. Layin aiki na tacewa kuwa yana son kowace daƙiƙa ta zo da adadi ɗaya. Maganin shi ne a juya fayil ɗin da HandBrake, manhajar juya bidiyo, a zaɓi tsayayyen adadi, a jira. Na jira har dare.

Bayan juyawar ma an sami ɗan saura, firem kaɗan a ƙarshe. Wannan kuma daga na'urorin ne, kowace waya da agogon cikinta, kuma ba sa tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Nan tafin ƙarshe ya yi rana: na ja tsawon sautin ɗan ƙanƙani har tafi biyun suka zauna. Firem ɗaya a 25 daidai yake da kashi 40 cikin 1000 na daƙiƙa, kuma daga firem biyu zuwa uku mai kallo ya fara jin wani abu ba daidai ba ko da bai san mene ne ba.

Wani ɗan ajinmu irin wannan ta same shi ta wata hanya, ya gauraya firem 30 da 29.97 a daƙiƙa. Bambancin kamar ba komai ba, amma daƙiƙa 3.6 ne a awa. Wannan 29.97 gado ne daga 1953, lokacin da Amurka ta shigar da launi cikin talabijin ta ɗan rage saurin firem don kada siginar launi ta yi karo da ta sauti. Talabijin ɗin sun tafi, lambar ta zauna mana.

27 ga Satumba

Kwamfuta na tsalle-tsalle, in na danna L sai ta yi tunani. Dalili: H.264 da H.265, tsarin matse bidiyo na 2003 da 2013, ba sa ajiye kowane firem cikakke. Suna ajiye ɗaya, na bayansa sai bambancin kawai. Don nuna firem guda sai kwamfuta ta koma baya ta lissafo. Tsarin da aka yi don tacewa, irin ProRes na Apple da DNxHD na Avid, kowane firem da kansa yake tsaye, sai dai girman fayil. Na sa aka yi kwafi marasa nauyi cikin dare, a yi aiki da su, a koma na asali wajen fitarwa. Da safe komai na gudu sumul.

1 ga Oktoba

Na rubuta hirar a takarda da lokacin kowace magana, na ja layi ƙarƙashin abin da zai shiga. Ya kai minti 11. Malama ta ce in kashe allon hoto, in fara haɗa shi kamar shirin rediyo. In labari ya tsaya da ƙafarsa a kunne, hoto ado ne. In bai tsaya ba, hoto ba zai ɗauke shi ba.

4 ga Oktoba

Agogon bango ya dawo karɓar bashinsa.

Na yanke maganar ta zauna daidai, jimla na bin jimla, ba wanda zai ce an cire wani abu. Amma a bayan murya agogo na bugawa ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowace daƙiƙa, kuma duk inda na yanka sai bugun ya yi tuntuɓe. Wani wuri biyu su zo a manne, wani wuri a yi dogon shiru. Kunne yana kama tsarin bugu ba tare da an sa shi ba, kuma da zarar ya karye sai hankali ya bar maganar ya koma can. Agogon ya zama ɗan sandan da ke nuna kowane yanka.

Na fara da rage hayaniya a Audacity. Yadda take aiki, ana ba ta samfurin hayaniya zalla, ta koyi kamanninsa, ta rage shi a ko'ina. Ga shuu ɗin fanka ko ƙugin na'ura tana da kyau, don ba sa canjawa. Bugun agogo kuwa ɗan gajere ne mai kaifi, ya ratsa mitoci da yawa lokaci guda, cikinsu har da waɗanda baƙaƙen magana ke zaune. Da na ƙara ƙarfin gogewar, bugun bai tafi ba, muryar Baba ce ta koma kamar mai magana daga cikin randa. Na mayar da komai yadda yake.

Abin da ya yi aiki lissafi ne. A zanen igiyar sauti kowane bugu tsini ne siriri, tsakaninsu firem 25 cif. Ke nan in abin da na cire cikakkun daƙiƙoƙi ne, bugun ba zai san an taɓa shi ba. Matsalar ita ce mutum ba ya magana da awon agogo. Sai na riƙa cike giɓin da wancan minti ɗaya na shiru da na ɗauka, wanda shi ma da bugun a ciki: in jimla ta ƙare saura rabin daƙiƙa, in ɗebo rabin daga shirun, in jera tsininsa kan inda ya kamata bugu ya faɗo. A shafin Fairlight, wato shafin sauti na DaVinci Resolve, ana iya matsar da sauti ƙasa da firem ɗaya, wanda shafin hoto ba ya bari. Kowace mahaɗa na sa mata ɗan gajeren narkewa don kada ta yi ƙas.

Wani abin da ban zata ba, tilasta mini barin waɗannan giɓoɓin ya gyara tafiyar maganar. A yankan farko na matse Baba yana zuba kamar mai karanta sanarwa. Yanzu ya koma dattijon da ke tunani kafin ya faɗa.

7 ga Oktoba

Ci gaba da jera bugu. Wuya ta ƙage. An sauko minti 7 da rabi.

10 ga Oktoba

Gyaran murya. Na yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, inda ba murya sai gurnanin motoci da gogar riga. Akwai siririn ƙugin lantarki a 50 Hz da 'ya'yansa a 100 da 150, na rage su da ƙunƙuntar tsaga. Baƙaƙen s, sh da ts suna da kaifi a makirfon nan, wajen 5 zuwa 8 kHz, na ɗan lallashe su. Sai kwamfuresa, mai rage tazara tsakanin ƙara da sanyin murya, a 3:1, domin Baba in ya sunkuya kan agogo muryarsa na nutsewa, in ya ɗago ta yi sama.

A aji ana ta gasar wa ya fi goge sauti tas. Ban ga abin burgewa a ciki ba. Na saurari na wata da ta cire duk numfashi, mutumin na magana minti uku bai shaƙi iska ba, sai na ji ni ce nake haki. Na bar numfashin Baba inda yake, na rage masu ƙarfin kawai.

14 ga Oktoba

Yanzu aka kunna hoto. Duk inda na yanke magana, kan Baba na yin tsalle, tunda kyamara ɗaya ce a wuri ɗaya. Masu kyamara biyu suna kauce wa wannan da sauya kusurwa da aƙalla digiri 30. Ni hotunan hannu ne rufin asirina.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce raba lokacin yankan sauti da na hoto. A bar murya ta shigo kafin a ga mai ita, ko a bar ta ta ci gaba bayan hoto ya wuce. Ana kiransu J da L saboda siffar da suke yi a layin aiki. Akwai inda yake cewa agogon da aka bari a ajiye ya fi wanda ake ɗaurawa saurin lalacewa, don mai yana daskarewa. Na bar jimlar ta ƙarasa a kan hoton aljihun tebur cike da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Bai faɗi komai game da su ba, amma jerin ya sa kamar ya faɗa. Abin da Lev Kuleshov ya gwada ke nan a Rasha kusan shekara 100 da suka wuce, fuska ɗaya, a canja abin da ke biye da ita, masu kallo su karanta mata wani yanayi daban. Abin yana da ɗan ban tsoro, domin da irin wannan jeri ana iya sa mutum ya ce abin da bai ce ba. Na sake sauraron asalin hirar don in tabbata ma'anarsa ce.

Hoton da na fi so, wanda haske ya ratsa gilashin idonsa, bai sami wuri ba. Na cire.

17 ga Oktoba

Hotunan hannu sun kasa, na koma na ƙaro. Wannan karon ƙofa a buɗe take, hasken rana ya rinjayi fitila, sababbin suka fito da shuɗi-shuɗi kusa da tsofaffin. Hasken rana wajen 5600 yake a ma'aunin Kelvin, kwan fitila mai ja wajen 3200. Na daidaita da farar takardar da ke kan tebur a duka biyun, sannan na duba ma'aunin launi mai da'ira. Akwai layi a cikinsa wanda fatar mutum ke kwantawa a kai, baƙi ne ko fari, bambancin a haske yake. Allon kwamfutata ba abin yarda ba ne, don haka ma'aunin na bi.

20 ga Oktoba

Batun kiɗa. YouTube na da tsarin Content ID tun 2007 wanda ke gano kiɗan da ke da mai shi, don haka sai na ɗakin kiɗan kyauta. Na gwada wasu, kowanne na faɗa da bugun agogo, tsari biyu a kunne ɗaya. Na bar shi ba kiɗa. Minti 5 da daƙiƙa 52.

23 ga Oktoba

Rubutun ƙasan allo. Na gama, na fitar da gwaji, sai ga ƙ, ɗ da ɓ duk sun zama akwatuna. Salon haruffan da na zaɓa ba shi da su. Na koma Noto Sans, suka fito. Fayil ɗin rubutun, wato SRT, kuma dole a ajiye shi a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ko salon na da su sai sun rikice. Layi biyu a lokaci guda ba a wucewa, kowanne kada ya haura harafi 42, kuma a karya layi inda mai magana zai iya tsayawa.

26 ga Oktoba

Awon ƙarshe. Ƙololuwa daban, ƙarfin da kunne ke ji daban, kuma na biyun da LUFS ake auna shi. Gidajen talabijin na Turai suna bin -23 tun ƙa'idar R128 ta 2010, YouTube kuwa yana sauko da abin da ya haura wajen -14, don haka cika ƙara ba ya ƙara komai. Na tsaya kusa da -14, ƙololuwa a -1. Fitarwa a girman hoto 1920 da 1080, H.264, sama kaɗan da megabit 8 a daƙiƙa da YouTube ke ba da shawara.

Da na saurara a lasifikar waya, labari ya canja. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da kaurin murya, amma kaifin bugu tana fitar da shi sarai, sai agogo ya hau kan Baba. Na koma na ɗaga tsakiyar muryar kaɗan, na bi bugun da suka faɗo cikin giɓi na rage su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin masu kallo a waya za su gani, don haka hukuncin waya na ɗauka.

29 ga Oktoba

An nuna a aji. Ba wanda ya ji yanka ko ɗaya a sauti. Malama ta ce farkon ya yi jinkiri, in shiga da hannunsa da muryarsa tare, sunan aiki ya biyo baya.

Da yamma na kai wa Baba ya gani. Ya kalla shiru har ƙarshe, sannan ya ce in mayar baya. Ya sa yatsa a kusurwar allo.

"Nan sha ɗaya saura kwata. Nan kuma goma da minti ashirin. 'Yar nan, agogona baya yake tafiya?"

Na sauya jerin amsoshinsa don labari ya tafi daidai, fuskar agogon kuwa tana bayansa a kowane hoto. Ajinmu kaf, har Malama, ba wanda ya duba wurin. Ya ce in mutane suka gani za su ce gyaransa ne bai yi ba, kuma da gaskiyarsa.

30 ga Oktoba

Wurare uku ne lokacin ke komawa baya. Biyu zan ɗan zuƙo hoton har agogon ya fita daga allo. Asalin 1080 ne, don haka ba zan wuce kashi 115 cikin 100 ba kada ya dushe. Na ukun agogon na dab da kafaɗarsa, zuƙowa ba za ta fitar da shi ba, sai dai in rufe da hoton hannu ko in mayar da amsar mazauninta na asali, wanda ke nufin sake jera bugu a mahaɗa biyu. Zan fara gwada rufewar.

Ranar miƙawa 5 ga Nuwamba. Kafin nan: gyaran farko da Malama ta ce, sake duba lokacin rubutun ƙasa tunda komai zai matsa, sake awon LUFS, sai a kai wa Baba ya duba kafin kowa. In lokaci ya ragu zan yanko minti ɗaya a tsaye, 1080 da 1920, daga wurin siririyar wayar nan. Zango mai zuwa aikin kyamara biyu ne, kuma hedifon ɗin aro mai shi ya fara tambaya, don haka shi ne sayayya ta gaba.